Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Mawaƙan Sutudiyo Na Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Ya'yana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyayenku da sana'arku. Ni tsohon mai sayar da kaset ne a kasuwar Sabon Gari. Na shiga shagon maigidana ina yaro a 1978, ina share ƙura ina jera kwalaye, daga baya na buɗe nawa, kuma ban rufe shi ba sai da memori da wayar hannu suka janye mana masu saye gaba ɗaya. Wasunku sun san ni, domin a teburin mai shayi ɗaya muke haɗuwa bayan isha'i. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gardamar da muka tafka daren Juma'ar da ta wuce, wadda har mai shayi ya kife kofunansa ba mu gama ba. A cikin hayaniya ba a ƙarasa zance, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja numfashi ya karɓe. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku, ku karanta a natse.

Tambayar da muka yi ta ja a kanta ita ce: wane zamani ne waƙarsa ta fi tasiri a ƙasar Hausa? Ɗaya daga cikinku ya miƙo mini wayarsa har kusa da hancina, ya ce Baba duba, waƙa guda mutum miliyan nawa suka kalla a YouTube, wane makaɗi na da ya taɓa tara haka? Wani ya ce a'a, zamanin waƙoƙin fim ne, lokacin da fiyano ya shigo. Ni kuwa na ce zamanin rediyo da kaset, daga farkon shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1980. Kuka yi dariya, kuka ce kowane tsoho zamaninsa yake yabo. To ku saurare ni, ba ƙaunar ƙuruciyata kaɗai ke magana ba.

Mu fara da mudun da za mu auna da shi, don a nan muka rabu. Ku da yawan kallo kuke aunawa. Ban raina shi ba, abinci ne, da shi kuke samun talla da gayyatar biki. Amma yawan kallo yana gaya maka mutum nawa suka ratsa ta ƙofar gidanka ne kawai, ba ya gaya maka nawa suka kwana. Ni abin da nake kira tasiri shi ne waƙar da ta fita daga bakin mai ita ta shiga bakin jama'a, har ta zama maganar da ake yi a kasuwa da tasha da cikin gida, wanda bai taɓa jin waƙar ba ma yana faɗin kalmominta. Sannan a duba wane zamani ne ya shimfiɗa tabarmar da na bayansa suka zo suka zauna a kai.

Kafin rediyo, babbar waƙa tana da gida, kuma gidan yana da ƙofa. Makaɗin fada na ubangidansa ne. Ibrahim Narambaɗa yana can ƙasar Isa da kotsonsa yana yi wa Sarkin Gobir, idan ba ka je can ba, ko ba ka da garmaho, sai dai ka ji labari. A nan Zazzau ma talaka yakan ji tambari da kakaki da algaita ne idan an yi sallah ko an yi naɗi. Makaɗan maza na 'yan dambe ne da mahauta, na noma na gayya ne, amada ta mata ce a cikin gida, namiji ba ya leƙawa. Kowane kiɗa da masu shi. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai duk waɗannan ƙofofi suka buɗe a lokaci guda. Manomi a Giwa ya rataye rediyonsa a reshen ɗorawa yana jin waƙar da aka yi wa sarki. Sarki ma a sorayensa yana jin waƙar da aka yi wa karen mota. Matar kulle ta aika wasiƙa shirin Zaɓi Sonka, aka kira sunanta da na ƙauyensu, duniya ta ji. Ba a taɓa yin irin wannan ba tun da aka kafa ƙasar Hausa, kuma sau ɗaya ake yinsa. Ku kun tarar da ƙofar a buɗe ne.

Sai kaset ya zo ya ƙarasa aikin. Rediyo shi ke zaɓa maka, kaset kuwa kai ke zaɓa, ka kuma maimaita har zaren ya gaji. Bari in nuna muku yadda ranar kasuwa take a shagona. Tun hantsi direbobin Funtuwa da Kano da Jos ke tsayawa, kowa da abin da yake so a naɗa masa. Muna da rikoda mai baki biyu, uwar kaset a hagu, farin kaset a dama, mai minti 60 ko mai minti 90. Idan zare ya tsinke, sai in kwance ƙusoshin nan ƙanana, in daidaita bakin zaren biyu a kan farce, in ɗiga jan farce kaɗan in liƙa, in hura har ya bushe, sannan in zura biro a ramin in juya. Mutum zai tsaya a kaina minti ashirin yana jira, ba don kuɗin sabon kaset sun gagare shi ba, sai don wannan ɗaukar ta musamman ce, a wani biki aka yi ta, babu irinta a kasuwa. Na ga dattijo ya kawo kaset a naɗe cikin hankici kamar laya. Na ga ɗan ci-rani ya sayi batir kafin ya sayi abincin dare. Wanda ya sayi kaset ɗaya, unguwa guda ce za ta ji, domin a ƙofar gida ake kunna shi, ba a cikin kunne ba. To wa ya ƙirga waɗannan? Babu na'urar da ta ƙirga su, amma sun ji, kuma sun haddace.

Ku dubi mutanen da wannan zamani ya ɗaga. Alhaji Mamman Shata da kalangunsa, wanda babu irin mutumin da bai yi wa waƙa ba, daga sarki zuwa direba, har tsuntsu da dabba. A nan garin namu, a Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. A al'adarmu ta da, makaɗi maroƙi ne, ba kowa ke ba shi 'ya ba. Sai ga shi shehunan malamai sun sa masa alkyabbar jami'a. Wannan darajar da kuke ci yau, har a kira ɗayanku babban baƙo a wajen taro, a ranar aka fara gina ta. Ga Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da shi da 'yan amshinsa kamar baki ɗaya ke magana. Ga Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya tal, ba ɗan amshi, ba mai tafi, amma ya zauna ya yi wa ƙasa duka nasiha a kan auren dole da zaman aure da haƙƙin talaka. Ga Haruna Uji da gurmi. Ga Garba Supa da kukuma, ga namu Hassan Wayam da ya zauna a nan Zariya. Ga Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta fito da kiɗan ƙwarya daga tsakar gida zuwa dandali, tana gaya wa mata su kama sana'a tun kafin ƙungiyoyi su fara wannan kira. Kowannensu idan ya buɗe baki, kafin ya kai ƙarshen ɗa na farko ka san ko waye. Ina roƙonku ku gwada wannan da waƙoƙin da suka fito a bana, ku rufe ido ku ga nawa za ku iya rabewa.

Kuma ba nishaɗi kaɗai suka yi ba. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, muryar makaɗa ce ke ƙarfafa soja a daji da iyalinsa a gida. Da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, yawancin mutanenmu ba sa karanta jarida, ko da yake a nan garin aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ta bakin mawaƙa a rediyo bayanin ya isa ƙauye. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa shiga aji ba, a waƙa ta koyi lissafin sabon kuɗi. Har gobe idan Bahaushe ya ga aikin da ya fi kowane a cikin ayyukan mutum sai ya ce wannan ce bakandamiyarsa, wataƙila bai ma san daga bakin makaɗa kalmar ta bazu ba.

Kada ku ɗauka a wancan lokaci ba mu san waƙar waje ba. Ɗaliban Samaru da na Kongo su ne manyan masu sayen Bob Marley a wurina, da Fela, daga baya Michael Jackson ya zo ya rufe kowa. Mawaƙi Bongos Ikwue ma a jami'ar nan ya yi karatu. Bala Miller yana Kaduna da ƙahonninsa da jita yana waƙa da Hausa tsantsa. Kiɗan Kwango da na Sudan duk sun ci kasuwa, waƙoƙin Indiya kuwa ba a magana, yaran da ke fitowa daga silima suna rera su ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Duk wannan ya shigo, an ji daɗinsa, amma bai ture kalangu ba. A shago ɗaya, a kanta ɗaya suke zaune.

Yanzu bari in ba wa ɗan'uwanku da ya kawo zancen fim haƙƙinsa, domin a cikinku shi ya fi kusa da kayar da ni. Finafinan bidiyo na Hausa sun soma a Kano a 1990, kafin ƙarshen shekarun nan goma kuma fiyano ya mamaye sutudiyo. Abin da ya faru a lokacin babba ne. Mutum ɗaya da akwati ɗaya ya maye gurbin makaɗa shida. Yaro da bai gaji kiɗa ba, ɗan malam ko ɗan attajiri, ya samu hanyar shiga waƙa ba tare da an ce ya zubar da girman gidansu ba. Namiji da mace suka fara amsa wa juna a waƙar soyayya, abin da a da sai a fim ɗin Indiya. Ni shaida ne, a shekarun farko na 2000 kaset ɗin waƙoƙin fim ya fi na kowane makaɗi tafiya a shagona, ina sayarwa raina na sosuwa. Idan tambayar ita ce wane zamani ya fi sauya sautin waƙar Hausa, to na sallama, wannan ne. Shata ya rasu a 1999, daidai lokacin da sabon sautin ke tashi, kamar an rufe ƙofa an buɗe wata.

Amma sauti riga ce. Ku cire rigar ku dubi jikin. Har yau waƙarku tana da jagora da amshi. Har yau kuna buɗewa da sunan Allah da salati. Har yau kuna jero sunayen masu alheri a ƙarshe, kuna yi wa ubangida kirari, kuna yi wa abokin hamayyarsa zambo da habaici. Waƙar siyasa da ake kashe maƙudan kuɗi a kanta duk lokacin zaɓe, mene ne ita in ba waƙar fada ba da aka sauya wa ubangida? Waƙar amarya da ango da kuke ci da ita kowane mako, wa ya fara kiran dangi ɗaya bayan ɗaya ana liƙi? Ko masu hip-hop a cikinku, da kuke ganin kun fi kowa nisa da mu, idan kuka tashi yin fahariya kuna cika baki, kirarin ɗan dambe nake ji da na ɗan tauri. Fiyanon kansa, da aka kawo shi, abin da aka fara nema a cikinsa shi ne maɓallin da zai yi kama da kalangu da sarewa.

A nan ne zuciyata ta fi ciwo, kuma saboda wannan na rubuto, ba don in ci gardama ba. Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya kai ni wani sutudiyo, ɗan ɗaki ne da aka liƙe bangonsa da katifa. Yaron da ke kan kwamfuta mai ladabi ne ƙwarai, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Baba bari ka ji kalangu. Ya danna, sai ga sauti, ya sake dannawa, sai ga shi kuma, iri ɗaya sak, ba ragi ba ƙari. Na ce ɗana, ka taɓa riƙe kalangu? Ya ce a'a. Na ce to kalangu magana yake yi. Makaɗi yana saƙale shi a hammata, ya matse tsarkiya murya ta hau, ya saki ta sauka, kamar yadda harshenmu ke hawa da sauka. Da haka yake kiran sunan mutum da na ubansa a tsakiyar taro, mutumin ya miƙe tsaye ba wanda ya buɗe baki. Mahauci yana jin takensa daga nesa tsigar jikinsa ta tashi. Abin da ke cikin akwatinka hoton kalangu ne, bebe ne. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce ai bai san inda zai samu mai kaɗawa ba. A Zariya! Garin da makaɗa ke zaune a cikin ganuwa da Tudun Wada, wasunsu sun koma acaba, wasu gadi, don ba mai kiransu sai shekara-shekara.

A bikin jikata kuma na ga ɗaya gefen. An ɗauko mai kiɗan na'ura da manyan lasifikoki, 'yan mata suka yi ta rawa tun la'asar, tsofaffin mata na zaune a gefe suna kallo. Can bayan magariba wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi. Sai wata gwaggonsu ta sa aka kawo baho da ruwa, ta kife ƙwarya a ciki, ta fara bugawa, ta ɗaga murya da wata tsohuwar waƙar amada. Wallahi tsakar gidan nan gaba ɗaya ta amsa, har da 'yan matan da aka haifa bayan an daina kaset. Ba wanda ya koya musu a makaranta, ba su taɓa nemanta a waya ba. A bayan iyayensu suka ji ta suna goye. Ina daga zaure ina jiyowa, hawaye na zubo mini.

Ban ce ku ajiye kwamfuta ba. Zamaninku yana da abin da namu bai samu ba. Yau ka yi waƙa a Kwangila da safe, kafin dare an ji ta a Yamai da Kumasi da Jidda da Landan. Kuna riƙe da haƙƙin aikinku fiye da na da, kuma a nan dole in faɗi gaskiya a kan sana'ata: mu masu naɗar kaset mun yaɗa waƙoƙin bayin Allah nan, mun ci abinci da su, amma mafi yawan kuɗin bai koma hannunsu ba. Da yawa sun mutu ba su bar wa iyalinsu komai ba. Wannan nauyi ne a wuyanmu, kuma ba na so ku ɗauki irinsa.

Don haka idan kun ɗauki karin waƙar wani tsoho, ko amshinsa, ko salon maganarsa, ku faɗi sunansa a fili, ku rubuta a ƙarƙashin bidiyon, kuma idan waƙar ta kawo kuɗi ku nemi iyalinsa. Yaron da ke sauraronku ya san cewa abin yana da asali, wataƙila ya je ya nemi asalin. Sannan ku shigo da makaɗan nan cikin sutudiyo. Ku kira mai kalangu, mai kukuma, mai gurmi, mai algaita, ku sa musu makirfo, ku biya su kamar yadda kuke biyan mai haɗa sauti, ba sadaka ba. Ku rage dogaro da na'urar gyaran murya, ko da a waƙa ɗaya cikin biyar, mu ji muryar da Allah ya ba ku. Kuma ku karanta. Malam Aliyu Namangi na nan Zazzau makaho ne, amma Imfirajinsa har yau ana rerawa a tasha da ƙofar masallaci, ku duba yadda yake auna kalma da ƙafiya. Malaman Hausa na jami'a sun yi shekaru suna rubuta waƙoƙin makaɗa suna nazarinsu, daga PZ zuwa Samaru kuwa kuɗin mota kaɗan ne.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi gaggawa. Kaset ba ya daɗewa. Zafi yana narkar da shi, damina tana sa masa fumfuna, zaren ya manne da juna. Da na rufe shago na kwaso kwali bakwai na ajiye a ɗakin da ke bayan zaure. Bara na buɗe ɗaya na tarar gara ta ci rabi. A cikin sauran akwai ɗaukar bukukuwa da aka yi a Tudun Wada da cikin gari, akwai makaɗan ƙauye da ba su taɓa shiga gidan rediyo ba, waɗanda in ba a wannan zaren ba babu inda muryarsu ta rage a duniya. Na san ba ni kaɗai ba ne, tsofaffin abokan sana'ata a Sabon Gari da dama suna da irin wannan ajiya, wasu sun rasu magada sun zubar a bola. Ni na san wane kaset ne na wa, na san a wane biki aka ɗauka, amma ban iya juya shi zuwa kwamfuta ba. Ku kun iya, amma ba ku san abin da ke ciki ba.

Rikodata mai baki biyu tana aiki har yanzu, na sauya mata bel a watan jiya. Ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Ku tambayi mai shayi zai nuna muku ƙofa. Ku zo da kwamfutarku da igiyar haɗawa, ni zan shimfiɗa tabarma a zaure in fito da kwalin farko, wanda ke da kaset ɗin masu kukuma, domin shi ne na ga ya fara ɗaukar danshi.

Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a muryoyinku.

Naku,
Babanku, tsohon mai kaset na kasuwar Sabon Gari, Zariya.